Hasken Delft da Gidan da Aka Rataye Shi

A birnin Hague na ƙasar Holan, wanda akasarinmu muka sani saboda kotun duniya, akwai wani madaidaicin gidan tarihi da ake kira Mauritshuis, a bakin tafki, jikin tsohon ginin majalisar ƙasar. A wani ɗaki na saman bene an rataye zanen birnin Delft da Johannes Vermeer ya yi wajen 1660 zuwa 1661. Tsayinsa bai cika mita ɗaya ba, faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya. Babu yaƙi a ciki, babu sarki, babu wani labari da ake bayarwa. Gari ne kawai da safe, a ƙetaren ruwa, sama ta cinye fiye da rabin ƙyallen. Ina son wannan zane so na gaske. Na kuma san cewa mutumin da ya gina gidan da aka rataye shi, Johan Maurits, shi ne ya aika jiragen da suka ƙwace sansanin Elmina, a Ghana ta yau, a 1637 don a samu bayin da za su yi noman rake. Shekarun nan mutanen Holan suna ta kai ruwa rana kan yadda za su yi da waɗannan abubuwa biyu, kuma maganar ta shafe mu, domin daga gaɓar tekunmu ta Afirka ta Yamma aka kwashi mutanen.

Abin da nake gani shi ne, duk wanda ya ce a zaɓi ɗaya, ko a ji daɗin zanen a manta da tarihi, ko a riƙe tarihi a tofar da zanen, bai tsaya ya kalli zanen da kyau ba. Don haka da kallon ya kamata a fara. Gidan tarihin ya sa hotonsa mai kyau a intanet, wanda ake iya jawowa kusa har a ga sawun buroshi, saboda haka mai waya a Zariya ko Maraɗi ko Kumasi yana iya bin abin da zan faɗa da idonsa.

Vermeer ya tsaya ne a kudancin garin, ya dubi arewa. A ƙasan zanen akwai ɗan tudun yashi mai launin ƙasa. Daga hagu wasu mutane suna tsaye kusa da jirgin fasinja irin wanda doki ke ja ta bakin magudana, har da mace mai riƙe da jariri. Can gaba kaɗan mata biyu suna hira, ɗaya da riga rawaya da shuɗin gyauto. Sai ruwa, wanda bai kwanta lumui ba kuma bai yi igiya ba, inuwar gine-gine ta miƙe a cikinsa tana ɗan rawa. A ƙetare ga ganuwar gari da ƙofofi biyu, Ƙofar Schiedam mai agogo a tsakiya, da Ƙofar Rotterdam mai tagwayen hasumiyoyi daga dama, da wata 'yar gadar dutse a tsakaninsu. Yawancin masu nazari sun karanta agogon da cewa ƙarfe bakwai ne na safe. Daga can dama jiragen kamun kifi biyu suna ɗaure.

Da mai zane na yau da kullum ne, da ya haska abin da ke gaba, ya bar na nesa ya dushe, domin haka ake yi. Vermeer ya juya lamarin. Ya ɗora baƙin girgije mai nauyi a can saman zanen, kamar a kan mai kallo, girgijen ya jefa inuwa kan ganuwa da ƙofofi da duk layin gidajen gaba. Su ne mafi kusa da kai, su ne kuma mafi duhu. Rana tana can baya, ta sauka a kan wasu rufin gidaje da ke cikin gari, ta kuma kama hasumiyar Sabuwar Coci, ta mayar da ita rawaya mai walƙiya. Idonka ba ya iya zama a gaba. Duhun yana tura shi, hasken yana jan shi, sai ka samu kanka ka tsallake ruwa, ka wuce ƙofa, ka shiga cikin garin da ba a nuna maka titunansa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin gari da damina, bayan hadari ya zubar ya fara wucewa, ya ga rana ta tsaga ta faɗa kan hasumiyar masallaci guda alhali sauran unguwa tana cikin duhu, ya san wannan haske, ya kuma san ba ya daɗewa. Kafin ka kira wani ya zo ya gani ya tafi.

A nan motsin zuciyar zanen yake. Girgijen tafiya yake yi. Ba a faɗa maka ko hasken zai matso ya rufe ƙofofin ba, ko kuwa inuwar ce za ta ci gaba ta haɗiye hasumiyar. An tsayar da kai a daidai lokacin da abu bai riga ya tabbata ba. Mutane da yawa suna cewa zanen nutsuwa ne da kwanciyar hankali, kuma akwai nutsuwar, amma irin ta wanda ya san abin da yake kallo ba mai zama ba ne. Shi ya sa yake sa mutum farin ciki da wani ɗan ƙunci a lokaci guda, ba tare da an zana fuskar kowa tana dariya ko kuka ba. Mutanen da ke cikin zanen ƙanana ne ƙwarai, ba a ma ganin idanunsu. Haske da inuwa ne suka ɗauki aikin da fuska ke yi.

In ka jawo hoton kusa sai ka ga wahalar da aka sha. Fentin hasumiyar, inda rana ta bugi dutse, an ɗora shi da kauri, rawaya ce da ake haɗawa da dalma da kuza, har ta yi tudu a kan ƙyallen, don hasken ɗakin da aka rataye zanen ya riƙa kama ta da gaske. A bangon bulo da rufin gidaje fentin yana da gautsi, kamar ka shafa ka ji kaushin tsohon gini. A jikin jirgin da ke dama, wanda yake cikin inuwa, Vermeer ya ɗiga ƙananan ɗigo na fenti mai haske, birjik, kamar ruwan da ke jikin katako yana ƙyalli. Daga kusa ɗigo ne kawai marasa ma'ana. Ka ja da baya taku biyu, jirgi ya jiƙe. Shuɗin da yake so kuwa daga wani dutse mai tsada ake niƙa shi, wanda ake haƙowa a tsaunukan Badakshan na Afganistan. Binciken da aka yi da na'urar hoton ciki ya nuna cewa da akwai wani namiji a tsaye kusa da matan nan biyu, Vermeer ya shafe shi, ya kuma tsawaita inuwar Ƙofar Rotterdam a cikin ruwa don ta ɗaure gari da gaɓar da mai kallo yake. Wato ba kwafin gari ya yi ba kamar mai ɗaukar hoto. Zama ya yi yana ragewa yana ƙarawa har abin ya yi daidai da yadda yake ji.

Me yake ji? Babu wasiƙarsa ko littafin ajiyar tunaninsa da ya rage, amma tarihin garin yana nan. Ranar 12 ga Oktoba 1654, da hantsi, rumbun albarushi na gwamnati da ke arewa maso gabashin Delft ya fashe. Unguwanni suka rushe, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na garin ya lalace, mutane fiye da ɗari suka mutu, wasu da dama suka jikkata. Cikin waɗanda suka rasu har da Carel Fabritius, almajirin shahararren mai zanen Holan Rembrandt, shi ma mai zane mai basira, yana da shekara 32. Wani ɗan ƙaramin zanen tsuntsu da ya yi a shekarar da ya mutu yana nan rataye a Mauritshuis ɗin. Vermeer a lokacin yana dab da cika shekara 22, sabon ango, bai cika shekara da shiga ƙungiyar masu zane ta garin ba. Wani maƙwabcinsu a sana'a, Egbert van der Poel, ya yi ta zana kufan da fashewar ta bari, sau da yawa, yana sayarwa. Vermeer bai zana kufai ba. Bayan shekara shida ya je ɗaya gefen garin, ya zana shi a tsaye, cikakke, da girgije a kansa. Ni dai ba na iya kallon wannan girgije ban tuna cewa mai zanen ya ga garinsu a rushe da idonsa ba. Wanda ya taɓa ganin haka ya san darajar gari ya wayi gari lafiya, mata biyu su tsaya hira a bakin ruwa ba abin da ya dame su.

Wasu masana suna karanta hasken hasumiyar a matsayin siyasa, domin a Sabuwar Coci aka binne William na Orange, jagoran tawayen Holan a kan Sifaniya, wanda aka kashe a Delft a 1584, kuma har yau a nan ake binne sarakunan ƙasar. Mai yiwuwa ne. Amma a cocin nan aka yi wa Vermeer wankan baftisma a 1632, kuma masaukin baƙi na mahaifinsa yana dandalin kasuwar da ke gabanta. Inda rana ta sauka a zanen, unguwarsu ce.

Shi kansa bai mutu da arziki ba. A 1672 Faransa da Ingila suka auka wa Holan, kasuwar zane ta mutu murus. Vermeer ya rasu a Disamba 1675 yana da shekara 43, ya bar matarsa Catharina Bolnes da 'ya'ya goma sha ɗaya da tulin bashi. Mai burodi kaɗai yana bin su fiye da gilda 600, kuɗin Holan na lokacin, sai da ta ba shi zane biyu. Daga baya ta shaida wa hukuma cewa yaƙin ne ya hana shi sayar da komai, damuwar ciyar da yara ta taru ta yi masa yawa, cikin kwana ɗaya da rabi ya tashi daga mai lafiya ya zama gawa. A gwanjon da aka yi a Amsterdam a 1696, inda aka sayar da zanensa 21, wannan na Delft ne ya fi tsada, gilda 200. A 1822 gwamnati ta saye shi a kan gilda 2,900 aka kai shi Mauritshuis.

To, a nan ɗaya rabin maganar take shigowa, kuma ba daga waje ake shigo da ita ba, tana cikin zanen. Garin da kake kallo garin fatake ne. Kamfanin Holan na Gabashin Indiya, wanda aka kafa a 1602, yana da rassa shida, ɗaya a Delft yake, kuma gidansa yana bayan ganuwar nan ta hagu. Wannan kamfani ne a 1621, ƙarƙashin Jan Pieterszoon Coen, ya karkashe mutanen tsibiran Banda a Indonesiya ta yau don ya mallaki cinikin gyaɗar ƙamshi shi kaɗai. Ruwan da ke gaban zanen yana haɗe da tashar Delfshaven, inda manyan jirage ke sauke kaya. A can hagu, sama da rufin gidaje, ana hango ɗan tsinin hasumiyar Tsohuwar Coci. A cikinta aka binne Vermeer. A cikinta kuma akwai ƙaton kabarin Piet Hein, jagoran jiragen Kamfanin Yammacin Indiya, wani kamfanin Holan mai fatauci a Afirka da nahiyar Amurka, wanda ya kame jiragen azurfar Sifaniya a 1628. Da wannan azurfa kamfanin ya samu ƙarfin ƙwace arewa maso gabashin Burazil daga hannun Fotigal a 1630, ƙasar rake da injinan sukari.

Rake yana buƙatar hannu. Johan Maurits, wanda gidan tarihin ke ɗauke da sunansa, ya isa Burazil a matsayin gwamna a 1637, a shekarar kuma ya tura rundunar da ta karɓe sansanin Elmina, a Ghana ta yau, wanda 'yan Fotigal suka gina tun 1482. A 1641 ya tura aka kama Luwanda a Angola. Gidan tarihin da kansa yanzu yana faɗa cewa aƙalla 'yan Afirka 24,000 aka kai Burazil a zamanin mulkinsa, kuma shi ma ya yi cinikin mutane don aljihunsa. Yana can yana wannan, ana gina masa gida a Hague, aka gama a 1644. Mutanen zamaninsa sun san daga ina kuɗin ya fito, har suna kiran gidan da Gidan Sukari. Holan ta riƙe Elmina har 1872. Duk wanda ya ziyarci sansanin ya ga barandar gwamna da ke kallon tsakar gidan da ake tsare mata. Jimillar 'yan Afirka da jiragen Holan suka tsallaka da su Atlantika ta kai wajen 600,000, kuma sai 1 ga Yuli 1863 aka soke bauta a Suriname, a Kudancin Amurka, da tsibiran Karebiyan da ke hannunsu, a Suriname ma aka tilasta wa mutanen ƙarin shekara goma a gonakin.

A 2017 gidan tarihin ya ɗauke wani kwafin mutum-mutumin Johan Maurits daga zauren shiga. Farkon 2018 maganar ta fashe. 'Yan siyasa suka yi ca, firaminista na lokacin, Mark Rutte, ya soki matakin, ya yi kashedi kan auna mutanen da da ma'aunin yau. A 2019 gidan ya shirya baje koli na musamman kan ko wane ne Johan Maurits, daga baya ya keɓe ɗaki da ke bayyana rayuwarsa har da cinikin bayin. A shekarar ne kuma gidan tarihin birnin Amsterdam ya daina kiran ƙarni na 17 da Zamanin Zinariya. Ranar 19 ga Disamba 2022 Rutte ɗin nan ya tsaya ya nemi gafara a madadin gwamnati kan bauta, Sarki Willem-Alexander ma ya nemi tasa ranar 1 ga Yuli 2023.

Ina tare da gidan tarihin ɗari bisa ɗari. Hujjar cewa kada a auna mutanen da da ma'aunin yau tana ba ni haushi, domin tana ɗauka cewa a wancan zamani babu wanda ya san abin mugu ne. Waɗanda aka ɗaure a Elmina sun sani. Waɗanda suka tsere daga gonakin rake suka kafa garuruwansu a dazukan Palmares na Burazil sun sani. Su ma mutanen da ne, kuma ma'auninsu na wancan lokacin ne. In an ce a saurari zamanin, to a saurare shi duka. Ɗaya hujjar ita ce wai mutum ya zo gidan tarihi ne don ya huta da siyasa, a bar shi ya ji daɗin zane. Na fahimci wannan buƙata, ni ma ina da ita. Amma ban ga yadda 'yan layuka a bango, masu faɗin gaskiyar wanda ya gina ɗakin, za su rage wa hasumiyar nan haske ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba wanda ya ce a sauke zanen, ba wanda ya ce a rufe gidan. In jin daɗin mutum ba zai iya jure sanin gaskiya ba, to tun farko jin daɗin bai kafu a kan zanen ba, ya kafu ne a kan labarin da yake so ya ba kansa game da ƙasarsu.

Sai dai wanda na fi so in yi magana da shi ɗan uwana ne, matashin da zai karanta wannan ya ce: to ai ka gama magana, arzikin jini ne, me ya haɗa mu da zanen Bature? Wannan fushi ne mai tushe, ba na raina shi. Amma ka duba abin da kake shirin yi wa kanka. Kamfanonin nan sun kwashe mutane da dukiya, yanzu kuma kana so ka ƙara musu da ikon hana ka jin abin da idonka da zuciyarka suke iya ji. Vermeer ba gwamna ba ne, ba mai hannun jari a jirgin bayi da tarihi ya nuna ba ne. Ɗan mai masauki ne da ya mutu mai burodi yana bin sa. Gaskiya ne masu sayen zanensa suna rayuwa ne a garin da kuɗin mulkin mallaka ke yawo a cikinsa, kuma ba na wanke kowa daga wannan. Amma abin da ya sa a ƙyallen, wato yadda rana ke sauka kan gini bayan girgije, da yadda zuciya ke ɗan tsayawa idan ta ga haka, ba mallakin Kamfanin Yammacin Indiya ba ne. Allah ne ya yi hasken, ya kuma yi idon da ke ganinsa, a Delft da Daura duka. Ƙin kallo ba ya rama wa kowa komai.

Kuma laifi tudu ne. Ƙasarmu ma an yi bauta, an yi rinji da gandu inda bayi suke noma wa sarakuna da attajirai, an yi kasuwannin da ake sayar da mutum, kuma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Najeriya. Zuriyar waɗanda aka yi wa haka suna nan cikinmu, wani lokaci har yau ana tuna musu idan maganar aure ta taso. Ban kawo wannan don in sassauta wa Holan ba, laifinsu nasu ne kuma babba ne. Na kawo ne don abin da muke nema daga gare su, wato su faɗi gaskiya a bangon gidajen da suke alfahari da su, abu ne da mu ma ba mu yi ba tukuna a namu gidajen tarihi da littattafan makaranta.

Akwai wani abin da nake ganin ya fi kowace muhawara barazana ga zanen, shi ne gaggawa. A ɗakin da yake, a bangon da ke fuskantarsa, akwai wani zanen Vermeer da ya fi shi suna, na yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u. Jama'a suna tururuwa gare ta da wayoyi a sama, su ɗauki hoto, su juya wa birnin baya su fita. A 2023 gidan tarihin Rijksmuseum da ke Amsterdam ya tara zanen Vermeer 28 wuri guda, abin da ba a taɓa yi ba, mutum wajen 650,000 suka shiga cikin wata huɗu, tikiti ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Abin farin ciki ne mutane su so zane haka. Amma zanen Delft ba ya ba da kansa cikin daƙiƙa ashirin. Sai ido ya saba da duhun gaba kafin ya fara rarrabe ja da shuɗi da toka a jikin bulon, sai ya zauna a nan kafin hasken baya ya yi masa aikin da aka shirya ya yi. Marubucin Faransa Marcel Proust, wanda ya gan shi a Hague a 1902 ya sake ganinsa a Paris a 1921, ya ce tun ganin farko ya san ya ga zanen da ya fi kowanne kyau a duniya. Ba lallai ka yarda da shi ba, amma mutum ne da ya ba zanen lokaci.

A 2020, lokacin korona, da dokar tazara ta hana cunkoso, Mauritshuis ya yi wani abu mai kyau. Ya kai zanen babban ɗaki shi kaɗai, ba wani zane a gefensa, ya riƙa barin mutum ɗaya ko 'yan kaɗan su shiga su zauna da shi na minti goma, shiru. Annoba ce ta tilasta hakan, amma ni ina ganin haka ya kamata a riƙa yi ko ba annoba, ko da awa ɗaya ce a mako. Kuma ina da yaƙinin cewa wanda ya yi wannan zaman shi ne zai fi iya ɗaukar tarihin da ke bango. Mai gaggawa hoto kawai yake so, rubutun bango yana ɓata masa lokaci. Wanda ya zauna har garin ya shiga ransa, shi ne zai so ya san ko su wa ke ciki, da me suke ci, jiragen nan ina suke zuwa. So ne yake kawo tambaya. A shekarun 1830 aka rushe ƙofofin nan biyu, saboda haka wanda ya je bakin ruwan a yau zai ga hasumiyoyin coci amma ba zai ga garin Vermeer ba. Abin da ya rage na wannan safiya yana kan ƙyalle ɗaya, a gidan Johan Maurits, kuma da wuya ya bar can.

Tunda haka ne, akwai abin da nake so a ƙara. Da Rutte yake neman gafara ya ce waƙafi suka sa, ba aya ba, gwamnati kuma ta ware yuro miliyan 200 don wayar da kai da magance abin da bauta ta bari. Akasarin hankali ya tafi ga Suriname da tsibiran Karebiyan da zuriyarsu da ke zaune a Holan, kuma sun cancanta. Amma jirgi yana da inda ya taso. Ina so masana tarihi na Ghana da Angola su kasance cikin masu rubuta abin da ke bangon Mauritshuis game da Elmina da Luwanda, da sunayensu a ƙasa, ba a gayyace su taron buɗewa kawai ba. Ina so takardun Kamfanin Yammacin Indiya da ke ma'ajiyar tarihin ƙasa a Hague, waɗanda aka rubuta da tsohon harshen Holan, a fassara muhimmansu a sa su inda ɗalibin jami'ar Cape Coast ko Legon a Ghana zai karanta ba sai ya nemi biza ba. Ina kuma so a ɗakin Vermeer ɗin kansa, ba a ɗakin Johan Maurits kawai ba, a ƙara jimla biyu kusa da zanen: cewa bayan ganuwar hagu akwai reshen Kamfanin Gabashin Indiya, kuma ɗan tsinin da ake hangowa can na cocin da aka binne mai zanen da Piet Hein ne. Mai ziyara ya karanta, sannan a ba shi kujera.